Gawayin tsire da dokar muhalli ta Saudiyya: daga ina tarar take fitowa?

Kwanakin baya da sanyi ya fara shigowa Makka, na tsaya wajen wani dattijo mai tsire a Shari' Mansur, tsiren nan namu da mutanen Hijaz suka karɓa suke kira siriya. Yana cikin fifita wuta sai ga wani saurayi da ƙaramar mota, ya ce yana da gawayin itacen samur na gida, zai yi masa ragi. Dattijon ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Yaro, Allah ya kawo kasuwa, ni mustaurad nake saye." Da saurayin ya wuce na ce, "Baba, ai an ce na samur ya fi riƙe wuta." Ya ce, "Ya fi mana, ɗana. Amma in aka same shi a nan, ribar shekara ba za ta biya garamar ba."

Garama ita ce tara, kuma gaskiya ya faɗa. Jami'an tsaron muhalli na musamman, waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida, kullum suna nanata cewa duk wanda aka kama yana ɗauka, ko sayarwa, ko ajiye icen girki ko gawayin da aka samo daga itatuwan ƙasar nan, tararsa tana iya kaiwa riyal 16,000 a kan kowane ma'auni guda. Ma'aunin kuwa tulin da ya kai mita ɗaya a tsayi, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a zurfi ne. Wanda ya yi sana'a da shi, kamar mai gashi ko mai gidan abinci, tasa tana iya kaiwa 32,000. Sare bishiya tana iya jawo har riyal 20,000 a kan guda ɗaya, hura wuta a daji a wurin da ba a keɓe ba kuma har 3,000. Icen da aka shigo da shi daga waje ba a hana ba. Shi ne mustaurad ɗin da dattijon yake nufi.

To wa ya yanke wannan, kuma ta wace hanya? Da yawanmu muna ɗauka ranar da aka ga dama ake fito da doka. Ba haka abin yake ba, hanya ce mai matakai.

A nan ba a ce wa doka ƙanun, nizam ake cewa, domin tsarin mulkin da Sarki Fahad ya fitar a 1992 ya ce Alƙur'ani da Sunna su ne kundin ƙasa. Ma'aikatar da abin ya shafa ita ke fara rubuta daftari, a batunmu ma'aikatar muhalli da ruwa da noma ke nan, wadda aka haɗe da wannan suna a 2016. Daga nan daftarin ya bi ta hannun hukumar ƙwararru ta majalisar ministoci, su tace lafazinsa, su duba kada ya ci karo da wata dokar. Majalisar Shura ma tana nazarinsa. Mambobinta 150 ne, Sarki ke naɗa su na shekara huɗu, kuma tun 2013 akwai mata 30 a ciki. In ra'ayinta ya zo ɗaya da na majalisar ministoci, sai Sarki ya amince a fitar da marsum malaki, wato umarnin sarauta. In sun saɓa, maganar ƙarshe tasa ce. Sai kuma a buga dokar a jaridar gwamnati, Ummul Ƙura, wadda take fitowa daga nan Makka tun 1924.

Ta wannan hanya Nizamul Bi'a, wato dokar muhalli, ya fito a 2020, da umarnin sarauta mai lamba M/165, ya fara aiki a watan Janairun 2021. Shi ya maye gurbin tsohuwar dokar muhalli ta 2001 da wasu dokoki da ke warwatse, irin ta makiyaya da dazuzzuka. Hukuncinsa mafi tsanani ɗaurin shekara 10 ne da tarar riyal miliyan 30, na manyan laifuka.

Ga wurin da nake so mu lura sosai. Ita uwar dokar shimfiɗa kawai take yi: ta ce an hana kaza, ta sa iyakar hukunci. Lissafin nawa za a ci mai buhun gawayi, nawa za a ci mai raƙumin da ya shiga makiyayar da aka killace, wannan yana cikin abin da ake kira la'iha, ƙa'idojin zartarwa da minista ke sa wa hannu. Sauya la'iha ya fi sauya nizam sauƙi nesa ba kusa ba, don ba sai an sake fitar da umarnin sarauta ba. Saboda haka wanda ya ce "ai na san dokar tun bara" yana iya kasancewa a baya. Abin da ke taɓa aljihun talaka yana can ƙasa, a jadawalin tara da ke ƙarshen la'iha, inda ba kowa ke leƙawa ba.

Akwai kuma shafin intanet na gwamnati mai suna Istitlaa, inda ake baje daftarin dokoki da ƙa'idoji na ɗan lokaci domin jama'a da 'yan kasuwa su faɗi ra'ayinsu kafin a zartar. Ra'ayi ne, ba ƙuri'a ba, ma'aikata na iya ɗauka ko ta bari. Duk da haka yaranmu da suka yi karatu a nan, masu Larabci kamar ruwa, ya kamata su riƙa dubawa suna karanta wa iyayensu. Ko ba komai mutum ya ga hadari tun yana gabas.

Ni dai ina goyon bayan hanin nan, kuma ba don tsoron tara ba. Samur da ɗalh itatuwa ne masu ƙaya, 'yan uwan bagaruwarmu, suna shafe shekaru masu yawa kafin su zama bishiyar kirki a ƙasar da ruwan sama bai taka kara ya karya ba. Zarton inji kuwa minti kaɗan ya ishe shi. In suka tafi, ƙasa ta saki, ƙura ta tashi, tudu ya kasa riƙe ruwa. Wanda ya fito daga arewacin Katsina ko Damagaram ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya ga rairayi yana cin gona da idonsa. Gwamnati ta ayyana a 2021 cewa tana son dasa bishiya biliyan 10, kuma ba zai yiwu a dasa da dama a sare da hagu ba. Ballantana mu mazauna Makka, mun san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sare itacen Harami da cire ciyawarsa, in ban da ciyawar izkir.

Abin da ke damuna shi ne yadda labarin ke isa ga mutanenmu. Sanarwa da Larabci take fita, a shafukan da mai tsire ko mai wanki ba ya buɗewa. Sau da yawa ranar da aka rubuta wa mutum mukalafa, wato takardar karya doka, ita ce ranar da ya fara jin dokar, tarar kuma ba ta duba ko kai mai babban gidan abinci ne ko mai tukuba ɗaya. Wanda yake ganin an zalunce shi yana da damar kai ƙorafi kotun Diwanul Mazalim, amma akwai wa'adi, in ya wuce ya wuce.

Kafin in tafi dattijon ya jawo wata leda daga ƙarƙashin teburinsa ya nuna min. Fatura ce, wato rasit, ta kowane buhun da ya saya, an jera su an ɗaure da roba, buhunan kuma ba ya yage wurin da aka rubuta sunan ƙasar da gawayin ya fito. Ya ce ɗiyarsa ce ta koya masa, ita ta karanta a wayarta.