Inshorar shago, mota da kayan kasuwa a Accra: abin da doka ta wajabta da abin da takarda ke biya

Gobarar kasuwar Kantamanto da ke Accra ta ranar 2 ga Janairun 2025 ta sake tuna wa 'yan kasuwa cewa jarin shekara goma na iya zama toka kafin asuba. Waɗannan su ne tambayoyin da masu shago da direbobi a Nima, Mamobi, Madina da Sabon Zongo suka fi yi game da inshora, da amsoshinsu.

Wace doka ce ke aiki yanzu, kuma wa ke sa ido a kan kamfanonin?

Dokar Inshora ta 2021, mai lamba 1061, ita ta maye gurbin ta 2006 mai lamba 724. Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, ita ke ba da lasisi ga kamfanoni da dillalai da wakilai, ita ke karɓar ƙorafi, kuma tana da ikon soke lasisi. A 2019 ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshora daga sidi miliyan 15 zuwa miliyan 50, na kamfanonin da ke yi wa kamfanoni inshora daga miliyan 40 zuwa miliyan 125, na dillalai kuma daga 300,000 zuwa 500,000. Manufar ita ce a rage kamfanonin da ke karɓar kuɗi amma ba su da ƙarfin biyan diyya in babbar asara ta zo.

An ce inshorar ginin kasuwanci dole ce. To ni ɗan haya, ta rufe kayana ke nan?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Tun dokar 2006 aka wajabta wa mai ginin kasuwanci, irin su jerin shaguna, ofis, otal, makaranta ko asibiti mai zaman kansa, ya yi masa inshora kan gobara, rushewa, ambaliya, guguwa da girgizar ƙasa. Haka ma ginin kasuwancin da ake kan ginawa. Abin da doka ta fi damuwa da shi shi ne haƙƙin mutanen da ke shiga ginin da maƙwabta: wanda ya ji rauni, wanda ya rasu, wanda dukiyarsa ta lalace saboda sakacin mai gini. Dokar 2021 ta ƙara faɗaɗa wannan, ta sa inshorar haƙƙin jama'a da ta kuskuren ƙwararru a bakin aiki cikin jerin na dole.

Atamfa, takalma, buhunan shinkafa, firiji da kantoci da ke cikin shagonka, naka ne, kai za ka yi musu inshora da sunanka. Takardar mai gida bango da rufi take kallo. Ko da wuta daga wayar lantarkin ginin ta tashi, sai an tabbatar da laifinsa kafin ka samu wani abu ta hannun kamfaninsa, kuma wannan kan ɗauki lokaci, wani sa'in har kotu.

Inshorar gobara tana biyan ɓarnar ruwa?

Ya danganta da irin wadda ka saya. Tsurar inshorar gobara ta tsaya ne kan wuta, aradu da wasu nau'o'in fashewa. Ambaliya, guguwa, fashewar famfo, mota ta afka wa shago, tarzoma da girgizar ƙasa, waɗannan ƙari ne da ake rubutawa a takarda a biya kuɗinsu. Wanda ya ga abin da ya faru a shataletalen Kwame Nkrumah Circle ranar 3 ga Yunin 2015, da ruwa da wuta suka haɗu a dare ɗaya, ya san a Accra ba a raba su. Duk mai shago ko sito a gefen kogin Odaw, Alajo, Adabraka ko Kaneshie, ya buɗe shafin da aka jera haɗurran ya ga kalmar ambaliya da idonsa, kada ya tsaya kan "an rufe komai" da wakili ya faɗa da baki. Wasu kamfanonin kan sa sharaɗin a ɗora kaya a kan katako ko kanta, sama da ƙasa da wani tsayi da suka ambata. In ruwa ya tarar da buhuna a kan siminti, suna da hujjar ƙin biya.

Sata ma takardarta daban, kuma galibi sai an ga alamar fasa ƙofa ko rufi. Abin da yaron shago ya riƙa zarewa a hankali ba ya ciki. Tsabar kuɗin da aka bari a aljihun tebur ma haka.

Na yi inshora, wuta ta ci rabin kayana, sai aka biya ni ƙasa da asarata. Cuta ce?

Sau da yawa ba cuta ba ce, lissafi ne da ba a yi wa mutum bayaninsa ba ranar da ya sa hannu. Kusan kowace takardar inshorar dukiya tana ɗauke da sharaɗin cewa in ka rubuta darajar kayanka ƙasa da gaskiya, za a rage diyyarka daidai da gibin. A ce kayan da ke shagon ranar gobara sun kai sidi 200,000, kai kuwa ka rubuta 100,000 don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Wuta ta ci na 60,000. Kamfani ba zai ba ka 60,000 ba duk da cewa bai kai adadin da ka rubuta ba; zai ce rabin kayan ka ba shi ya rufe, rabi ka riƙe wa kanka, don haka 30,000 ne naka. Daga ciki kuma a cire kason farko na asara da takarda ta ce kai za ka ɗauka.

Ba sai mutum ya yi niyyar ɓoyewa ba kafin wannan ya kama shi. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Wanda ya sabunta takardarsa shekara biyu ko uku kan tsohon adadi, ya shiga wannan rami ba tare da ya sani ba. Haka mai sayar da yadi da ke ninka kaya kafin sallah ko Kirsimeti: adadin da ya dace a watan Agusta ba ya isa a makon da sito ya cika. Maganin shi ne a sake ƙiyasta kaya duk lokacin sabuntawa, a kuma sanar da kamfani a rubuce in kaya sun ƙaru sosai a tsakiyar shekara. Ga masu gini, a tambaya ko za a biya kuɗin sake ginawa ne ko kuwa za a cire tsufan gini. Bambancin yana da girma.

Wakili ya ce in biya rabi, sauran daga baya. Ya halatta?

Tun 2014 ƙa'idar NIC ita ce: ba biya, ba kariya. Sai kamfani ya karɓi kuɗin kafin inshora ta fara aiki. Ka biya a asusun kamfani ko lambar MoMo ɗinsa, ka karɓi rasiti mai sunan kamfanin.

Yaya zan gane sitikar motata ba jabu ba ce?

Tun Janairun 2020 akwai rumbun bayanan inshorar motoci na NIC, kuma da shi 'yan sandan kula da zirga-zirgar motoci, MTTD, ke dubawa a hanya. Danna *920*57# a kowace waya, sa lambar motar, za ka ga ko tana da inshora mai rai. Fasinja ma na iya yin haka kafin ya hau trotro. In lambar ba ta fito ba, takardar da ke hannunka ba ta da amfani ko da tambarinta ya yi kyau.

Dokar da ta wajabta inshorar mota tsohuwa ce, ta 1958, kuma haƙƙin wasu take karewa. Ƙaramar inshorar da yawancin direbobi ke saye tana biyan wanda ka kaɗe da fasinjojinka, tana biyan ɓarnar dukiyar wani zuwa wani iyaka da aka rubuta, amma ba ta gyara motarka. Wannan iyakar ba ta da yawa. In ka daki sabuwar mota a kan titin Liberation, ragowar daga aljihunka zai fito, sai dai in ka biya an ɗaga maka iyakar tun farko, abin da ba ya da tsada sosai. Cikakkiyar inshora ce ke gyara taka motar.

Abu biyu ke yawan ɓata diyyar mota. Na ɗaya, a yi wa mota inshorar amfanin gida sannan a sa ta haya a Bolt ko Uber. Na biyu, direban da ajin lasisinsa na DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi, bai kai girman motar ba, ko lasisin ya ƙare. Masu zuwa Lome ko Abijan kuma su tabbatar katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa yana cikin mota.

Kayan da nake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema fa?

Dokar 2021 ta ce kayan kasuwanci da ake shigowa da su a yi musu inshora a kamfanin da ke da lasisi a Ghana. Ko ba don doka ba, ya fi sauƙi ka bi haƙƙinka a Accra da ka bi shi a Guangzhou ko Dubai. Sharuɗɗan inshorar kayan jirgin ruwa aji uku ne, A, B da C. C ce mafi ƙanƙanta: gobara, nutsewa, karo, makalewar jirgi, ba ta biyan sata, ba ta biyan ruwan teku da ya shiga kwantena. A ce ke rufe kusan komai. Mai sayarwa da ya ce ya haɗa maka inshora cikin farashi, sau da yawa C ya saya. Al'ada ita ce a rubuta kashi 110 cikin ɗari na kuɗin kaya da dako. Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'idar teku: in aka yi asara don ceton jirgi, kowane mai kaya a ciki sai ya ba da kasonsa kafin a sakar masa kwantena, ko da nasa bai taɓu ba. Mai inshora, kamfaninsa ke tsaya masa.

In abu ya faru, me zan fara yi?

Sanar da kamfani a ranar, a rubuce, ko da saƙon waya ne. Ɗauki hotuna kafin a share wuri, kada ka zubar ko ka sayar da abin da ya rage sai mai ƙiyasta asara ya gani. Nemi rahoton hukumar kashe gobara, ko na 'yan sanda in haɗarin mota ne ko sata. Kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya a bakin hanya, kada makaniki ya taɓa mota kafin kamfani ya amince da ƙiyasinsa. Abin da ya fi wahalar da 'yan kasuwa shi ne shaidar yawan kaya, domin littafin ciniki da rasitai kan ƙone tare da shagon; a riƙa ɗaukar hotonsu duk wata ana ajiyewa a waya ko a gida. In kamfani ya ƙi biya, ka nemi dalilinsa a rubuce, ka haɗa da takardar inshora da rasitin biya ka kai ƙorafi ofishin NIC da ke Independence Avenue. Wanda mota marar inshora ta kaɗe, ko direban ya gudu, shi ma can zai je, domin hukumar na riƙe da asusun tallafa wa irinsu.