In na'ura ta ce hau, jami'i ya ce sauka, wa matuƙin jirgi zai bi?

Duk lokacin jigilar alhazai sai an samu wanda ya ɗauki bidiyo ta tagar jirgi, ga wani jirgin ya gifta kamar walƙiya. Kafin a jima bidiyon ya zaga WhatsApp da rubutun "Allah Ya tsare, saura ƙiris su yi karo", masu sharhi kuma sun gama yanke hukunci cewa jami'an hasumiya barci suke yi. Mafi yawan irin waɗannan bidiyoyi ba wani kuskure suke nunawa ba. Doka ce take aiki yadda aka tsara ta.

Ƙa'idar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta ce a bar tazarar ƙafa 1,000 tsakanin jirgin da ke sama da wanda ke ƙasa da shi, wato wajen mita 300. A da, in jirage sun wuce tsayin ƙafa 29,000 sai an ba su ƙafa 2,000, amma da na'urorin auna tsayi suka inganta aka rage zuwa 1,000 har zuwa ƙafa 41,000, kuma sararin samaniyar Afirka ya shiga wannan tsari a 2008. In kuma tsayinsu ɗaya, inda ake da radar, yawanci ana barin kusan kilomita 9 a tsakani, kusa da wasu filayen jirgi ya sauko zuwa kilomita 5 da rabi. Ɗaya daga cikin biyun ake buƙata, ba dole sai duka ba. Don haka jirgi zai iya wucewa ta kan jirginku, ka karanta sunan kamfaninsa ƙarara, alhali babu abin da aka saɓa. Mai zuwa gabas, kamar daga Kano zuwa Jidda, ana ba shi tsayi mara, irin 35,000 ko 37,000, mai dawowa yamma kuma cika, irin 36,000. Haɗuwarsu a hanya abin yau da kullum ne.

Ba cewa nake jami'ai ba sa kuskure ba. Suna yi, kuma saboda haka ne aka kafa sashen da ya fi rikita mutane. Jiragen haya masu injin zamani da ke ɗaukar fasinja fiye da 19, ko nauyinsu ya wuce kilo 5,700, wajibi ne su ɗauki na'urar hana karo a sama da ake kira TCAS. Ita ba ta jiran kowa a ƙasa. Tana magana kai tsaye da takwararta ta ɗaya jirgin, in suka ga saura daƙiƙa 15 zuwa 35 a haɗu, sai su raba aiki a tsakaninsu: wannan ta ce masa hau, wancan ta ce masa sauka. Matuƙi yana da kamar daƙiƙa biyar ya fara aiwatarwa. Dokar ta ce ya bi na'urar ko da jami'in hasumiya yana ba shi umarnin da ya saɓa da ita, kuma kada ya kuskura ya yi akasin abin da ta faɗa. Ba abin da ke gaba da ita sai gargaɗi irin na kusantar ƙasa ko na jirgi zai rasa ƙarfin tashi.

Wasu suna jin wannan sai su ce ashe an ba matuƙi lasisin raina hukuma, ko an fifita ƙarfe a kan ɗan Adam. Da jini aka rubuta wannan sashe. Daren 1 ga Yuli 2002, a saman garin Uberlingen na kudancin Jamus, jirgin fasinja na Bashkirian daga Rasha da jirgin kaya na DHL suna tsayin ƙafa 36,000 dukkansu. Jami'i guda ne ke kan aiki a cibiyar kula da zirga-zirgar jirage ta Zurich a Suwizalan, abokinsa yana hutawa, ana gyaran na'urori, layin tarho kuma ba ya aiki. Bai lura ba sai da ya rage ƙasa da minti guda, ya ce wa na Rasha ya sauka. A daidai lokacin na'ura ta ce wa na Rasha ya hau, ta ce wa na DHL ya sauka. Na DHL ya bi na'ura, na Rasha ya bi jami'i, duka biyu suka yi ƙasa suka haɗu. Mutum 71 suka mutu, yawancinsu yara masu tafiya hutu Sifen. Jami'in bai san abin da na'urorin ke faɗa a cikin jiragen ba, domin ba ya jin su. Wannan shi ne dalilin dokar gaba ɗaya: a waɗancan daƙiƙu na'urorin biyu sun san abin da suka ƙulla, wanda ke ƙasa bai sani ba. Bayan haka ne ICAO ta gyara rubutunta ya fito fili.

Shi ya sa da zarar matuƙi ya sanar cewa yana bin umarnin TCAS, jami'i ya daina ba shi umarnin canza hanya ko tsayi, alhakin raba jiragen kuma ya sauka daga wuyansa har sai matuƙin ya ce haɗarin ya wuce. Kuma a lura, hawa ko sauka kawai na'urar ke umarta, ba ta cewa a karkata dama ko hagu. Mu a nan mun ɗanɗana. Ranar 7 ga Nuwamba 1996 jirgin kamfanin ADC daga Fatakwal zuwa Legas ya kusanci wani jirgin da ya taso, matuƙin ya karkata shi da ƙarfi don kaucewa, jirgin ya ƙwace ya faɗa ruwa a Ejirin, mutum 144 suka rasu. Rahoton bincike ya ɗora sanadin farko a kan yadda jami'in radar ya raba jiragen.

Sai batun hukunci, inda na fi jin mutane suna cewa a kama, a ɗaure. Tsarin ICAO na binciken haɗari ya faɗa a sarari cewa manufar bincike ita ce hana maimaituwa, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba. A Najeriya hukumar kula da sararin samaniya, NAMA, ce ke da jami'an, hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ke riƙe da lasisinsu, hukumar binciken haɗura, NSIB, ke bincike, kuma ba aikinta ba ne gurfanar da kowa. Abin da aka saba shi ne a janye jami'in daga kujera, a saurari faifan maganarsa, a duba hoton radar, a sake horar da shi in da buƙata. Wannan bai hana kotu aikinta ba in an samu ganganci. A Japan, a watan Janairun 2001, wani jami'i mai koyon aiki ya kira lambar jirgi 907 alhali 958 yake nufi, jirage biyu na Japan Airlines suka kusa haɗuwa, mutum wajen 100 suka ji rauni. Kotun farko ta wanke shi da mai kula da shi, kotun ɗaukaka ƙara ta same su da laifi ta ba su ɗaurin je-ka-gyara-halinka, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2010.

Ni dai wannan hukunci bai kwanta min ba. Wanda ya zo aiki a buge ko ya bar kujerarsa da gangan, a hukunta shi, ban da ja. Amma tuntuɓen harshe a tsakiyar jirage goma fa? In jami'i ya san rahoton da zai rubuta da hannunsa zai iya kai shi gidan yari, zai yi shiru a kan duk kuskuren da ba wanda ya gani, kuma daga irin waɗannan ƙananan rahotanni ake gano inda tsarin ke yoyo. Jami'in Zurich ɗin nan, wani mahaifi da ya rasa matarsa da 'ya'yansa biyu ya bi shi har gida ya kashe shi a 2004. Da kotun Suwizalan ta zauna a 2007, manajoji huɗu na kamfanin da jami'in yake wa aiki ta samu da laifin sakaci, waɗanda a ƙarƙashinsu aka saba barin mutum ɗaya shi kaɗai a kan kujera cikin dare.