Ma'anar "Baje-kolin Ayyuka" ga Ɗaliban Injiniyanci a Legas

A 'yan shekarun nan kalmar "baje-kolin ayyuka" ta kama bakin ɗalibanmu da ke manyan makarantun Legas, daga bakinsu kuma ta shiga gidajen iyayensu a Agege da Idi-Araba da Obalende, inda sau da yawa ake yi mata fassarar da ba tata ba. Na shaida hakan a gidan yayana, wanda ya daɗe yana sana'ar albasa a kasuwar Mile 12. Ɗansa da ke aji biyar a fannin injiniyan lantarki ya ce masa, "Baba, ranar Alhamis akwai baje-kolin ayyuka a makarantarmu, kamfanoni za su zo." Uban ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Madalla. Sai ka yi sammako, kada a rabe kafin ka isa." A zatonsa aiki ne aka kawo za a raba, kamar yadda ake rabon taki a ƙauye, wanda ya riga shiga layi shi ne da rabo.

Idan aka koma ga asalin kalmar, za a ga cewa ita kanta ta warware wannan zaton. Koli shi ne ƙananan kayan da ɗan koli yake yawo da su kasuwa-kasuwa, irin su allura da zare da madubi da kwalli da ɗan turare. Ranar kasuwa yakan shimfiɗa tabarma ya baje su ɗaya bayan ɗaya domin mai wucewa ya gani. Bajewar ba ciniki ba ce, share fagen ciniki ce. Mai saye zai tsuguna ya ɗauki madubi ya juya shi, ya tambayi kuɗi, ya taya, a ce masa albarka, wataƙila ya tafi sai kasuwa ta zagayo ya dawo. Daga nan Hausawa suka aro kalmar suka laƙaba wa manyan tarukan nuna haja, kamar kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa da ake ci a Kaduna duk shekara, da takwararta ta Legas da ake yi a dandalin Tafawa Ɓalewa wajajen watan Nuwamba. A waɗannan ma, mai kamfani yakan zo ne domin a san shi a san kayansa, babban cinikin kuwa sai bayan an watse.

Saboda haka baje-kolin ayyuka taro ne na yini ɗaya ko biyu da makaranta take shiryawa, inda kamfanoni da hukumomi masu ɗaukar ma'aikata suke kafa rumfuna a babban zaure ko a fili, ɗalibai kuma suna zagayawa suna tambaya, suna miƙa takardar tarihin karatunsu da ƙwarewarsu, wadda kowa ya fi sani da CV. Abin da ya bambanta shi da kasuwar ƙauye shi ne, a nan kowane ɓangare ɗan koli ne kuma mai saye ne. Kamfani yana baje irin ayyukan da yake yi da guraben da yake sa ran buɗewa da sharuɗɗan da yake gindayawa, ɗalibi kuma yana baje abin da ya iya. Kowa yana juya hajar ɗan'uwansa yana duba ta. Da wuya ƙwarai a ga wanda ya fita daga zauren da takardar kama aiki a hannu, domin abin da ake samu a ranar bai wuce a rubuta sunan mutum, ko a gayyace shi jarrabawar gwaji, ko a ce ya turo takardunsa ta imel ba.

Ya kamata a raba shi da wasu abubuwa da suke kama da shi. Taron da ake tara ɗalibai a kujeru wani babban mutum ya yi musu lacca kan yadda ake cin nasara a rayuwa, wannan jawabi ne, ko da kuwa an rubuta baje koli a kan kyallen da aka rataya a ƙofa. Intabiyu kuma mataki ne na gaba, wanda ake yi da mutum ɗaya bayan an tace. Akwai na uku da ya fi kowanne haɗari, wato tarukan da wasu suke tallatawa a WhatsApp, a ce a biya kuɗin fom ko kuɗin rajista a asusun wani mutum kafin a haɗa ka da kamfani. Kamfanin kirki ba ya karɓar kuɗi daga mai neman aiki, kuma a baje-kolin makaranta kamfanoni ne aka saba su ɗauki nauyin rumfunansu.

Dalilin da ya sa na ɗaliban injiniyanci yake da sigarsa ta daban yana cikin tsarin karatun kansa. Digirin injiniya a jami'o'in Najeriya shekara biyar ne, kuma a aji huɗu ɗalibi yakan bar aji ya tafi masana'anta ko wurin gini na kimanin wata shida, a ƙarƙashin shirin SIWES da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, ya ƙirƙiro a 1973. Ɗalibai dai "IT" suke ce masa. Bayan kammalawa akwai shekara guda ta hidimar ƙasa, kuma kamfanoni da dama ba sa ba mutum aikin dindindin sai ya nuna takardar sallama daga hukumar NYSC. Bayan wannan ma da saura, domin mutum ba ya halatta ya sa laƙabin injiniya a gaban sunansa sai ya yi rajista da COREN, majalisar da doka ta kafa a 1970 don kula da sana'ar, ita kuma tana neman shaidar cewa ya yi shekaru yana aiki na zahiri bayan digiri. Ke nan a zaure ɗaya akwai masu neman haja iri uku. Ɗan aji uku yana neman wurin da zai yi IT, ɗan aji biyar yana neman kamfanin da zai nemo shi lokacin hidimar ƙasa, wanda ya gama kuma yana neman gurbin sababbin ma'aikata da ake ɗauka a horar. Mai shirya taron da bai gane wannan ba zai cika zaure da kamfanonin da ba su da abin da za su ce wa kashi biyu cikin uku na mahalarta.

A ganina, gurbin IT shi ne haja mafi daraja a wurin, duk da cewa ita aka fi rainawa. Wata shida a masana'antar da za a bar yaro ya riƙe na'urar auna wuta da hannunsa, ya ga yadda ake kwance famfo a mayar, sun fi masa amfani a kan wata shida a ofis mai sanyi inda aikinsa bai wuce ɗaukar fayil da cika littafin rahoto da abin da bai yi ba. Kuma sau da yawa wanda ya yi IT da kyau a wuri, shi ake tunawa idan gurbi ya buɗe.

Legas kuwa ta dace da irin wannan taro fiye da yawancin garuruwa, saboda masu sayen da masu sayarwar suna zaune kusa da juna. Jami'ar Legas da ke Akoka tana nan tun 1962, Kwalejin Fasaha ta Yaba ta girme ta, domin tun 1947 aka kafa ta, Jami'ar Jihar Legas kuma da aka kafa a 1983 tana koyar da injiniyanci a reshenta na Epe. A ɗaya ɓangaren ga masana'antun Ikeja da Ilupeju, ga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da sabuwar tasha mai zurfi ta Lekki, ga tashar wutar Egbin a yankin Ikorodu mai ƙarfin megawat 1,320, ga matatar man Ɗangote da aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana. Sai dai kada manyan sunaye su rufe wa mai shiri ido. Ƙananan kamfanonin da suke kafa wutar sola a gidaje, da masu gyaran lif a dogayen benaye, da masu haɗa ɗakunan sanyi da ƙera tankunan ƙarfe, su ne suka fi saurin cewa yaro ya zo ranar Litinin. Babban kamfani yakan zo da kyakkyawar rumfa da hulunan kyauta, amma ƙarshen maganarsa ita ce a je a cika fom a shafinsa na intanet tare da dubban mutane.

Shirin kansa aiki ne na watanni, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yawanci shugaban tsangaya da ofishin kula da harkokin ɗalibai da ƙungiyar ɗaliban injiniyanci ne suke haɗa kwamiti, su aika wa kamfanoni takarda tun da wuri, saboda kamfani yana da kasafinsa da lokacin da ya saba ɗaukar sababbin ma'aikata. Takardar da ba ta da mai bin sawunta a cikin kamfani takan kwana a ƙofa, shi ya sa tsofaffin ɗalibai da reshen Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, wadda take nan tun 1958, suka fi kowace wasiƙa tasiri. Tsayar da rana ma ba ƙaramin aiki ba ne. Dole a kauce wa makon jarrabawa da tsakiyar damina, a kuma yi la'akari da cewa kalandar jami'a tana iya birkicewa, kamar yadda yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya rufe azuzuwa wata takwas. Idan aka sa taron ranar Juma'a, ɗalibai Musulmi da ma'aikatan rumfuna za su tashi daidai lokacin da kasuwar ta cika. Wanda zai taso daga Victoria Island ko Lekki ya bi gadar Third Mainland ba zai iso ƙarfe takwas ba, kuma ƙarfe uku zai fara tattara kayansa don gudun cunkoson yamma. Janareta da mansa da wurin sa caji a kowace rumfa, waɗannan ba a ma maganarsu.

Abu biyu ne nake ganin suke raba baje koli na gaskiya da biki. Na farko shi ne a roƙi kowane kamfani ya turo injiniya mai aiki da hannunsa tare da jami'in ɗaukar ma'aikata, domin shi ne zai iya gane zurfin yaro cikin minti uku. Na biyu shi ne a taƙaita jawabai. Na halarci wani da aka ce za a buɗe ƙarfe goma, aka jira babban baƙo har sha biyu, aka bi manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya ana gabatarwa ana tafi, kafin a sallami ɗalibai zuwa rumfuna wakilan kamfanoni sun fara naɗe kyallayensu.

Ɗan yayana ya ba ni labarin yadda tasa ta kasance a wata ƙaramar rumfa da babu layi a gabanta. Ya je da aikin kammala karatunsa a cikin kwalin takalmi, wata 'yar na'ura ce da take kashe famfon ruwa da kanta idan tanki ya cika. Injiniyar da ke rumfar, mace ce mai furfura, ba ta ko kalli CV ɗinsa ba. Ta buɗe kwalin ta juya allon, ta duba yadda ya liƙa wayoyin da dalma, sannan ta tambaye shi abin da zai faru idan wuta ta zo da rauni famfon yana gurnani bai tashi ba. Ya ce bai yi tanadin wannan ba, amma ya zana mata a bayan takarda inda zai ƙara abin da zai yanke wutar. Ta karɓi takardar ta rubuta wani abu a kusurwa ta ajiye ta daban da tarin sauran. Abokinsa da ya fi shi maki, wanda ya raba CV ashirin a manyan rumfuna, ya koma gida da biro huɗu da jakar leda.

Ga 'ya'yan Hausawan Legas, amfanin taron yana da wata fuska ta musamman. Yawancin iyayensu 'yan kasuwa ne, sun san kowa a Mile 12 da Alaba Rago, amma ba su san kowa a ofisoshin kamfanonin injiniya ba, alhali neman aiki a ƙasar nan ya fi sauƙi ga mai uwa a gindin murhu. Baje koli yana cikin wurare ƙalilan da yaro zai tsaya gaba da gaba da mai ɗaukar aiki ba tare da takardar wani babba ba. Yana kuma da hajar da bai kamata ya bari a ƙasan jaka ba, wato harshensa. Kamfanin da ofishinsa yake Ikeja amma yake da aikin hanya ko na turakun sadarwa a Kano ko Sakkwato yana bukatar injiniyan da zai iya magana da leburori da mai unguwa, kuma wanda ya tashi a Agege yana jin Hausa da Yarbanci da Turanci ya rubuta hakan a fili.

Aikin kwamiti bai ƙare da kwashe kujeru ba. Takardun da aka tara suna ɗauke da lambobin waya da adireshin ɗalibai, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, don haka ba daidai ba ne a miƙa su ga duk wanda ya nema. Sannan ma'aunin taron ba yawan mutanen da suka fito a hoto ba ne. Bayan wata uku ya kamata a koma wa kowane kamfani a tambaye shi ɗalibai nawa ya kira, nawa ya ba wurin IT, me kuma ya ga sun gaza a kai, a kai wa malaman sashe wannan amsar ta ƙarshe domin ta shafi abin da ake koyarwa.

Mako uku bayan taron aka kira ɗan yayana jarrabawar gwaji a Ilupeju. Da ya gaya wa ubansa, sai ya ce, "Ashe dai tayi aka yi, ba a sallama ba tukuna." Ya ciro kuɗin mota ya ba shi, ya ce ya tafi da kwalin.