Haƙo Ɗanyen Mai Mai Kauri da Tururi

Ɗura tururi a rijiya dabara ce ta fito da ɗanyen mai mai kauri, irin wanda ba ya gudana da kansa balle famfo ya ja shi. Wannan mai yana kwance ne cikin rairayi da duwatsun ƙarƙashin ƙasa, wani har kaurinsa ya kai na kwalta. Da zafi ya ratsa shi sai ya tsinke, kamar daskararren manja a kan wuta.

Hanya ta farko da ta yaɗu, a bisa tsautsayi aka gano ta. A 1959 kamfanin Shell na gwajin ɗura tururi a filin mai na Mene Grande, kusa da tafkin Marakaibo a Benezuwela, sai tururin ya ɓallo ta saman ƙasa. Aka buɗe rijiyar don rage matsi, sai ga mai na tuttuɗowa. Daga nan aka samu tsarin rijiya ɗaya: a ɗura tururi na makonni, a rufe ta zafin ya game ko'ina, sannan a zuƙo mai, a kuma maimaita.

A wani tsarin kuwa, wasu rijiyoyin na ɗurawa ne kawai, tururin ya kora man zuwa rijiyoyin da ke kewaye. Da shi aka farfaɗo da filin Kern River na Kalifoniya, haka ma filin Duri da ke tsibirin Sumatra a Indonesiya tun daga 1985.

Mai mai kaurin kwalta na lardin Albata a Kanada ya fi taurin kai. Injiniya Roger Butler ne ya ɓullo masa da dabara a shekarun 1970: a haƙa rijiyoyi biyu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, tsakaninsu kimanin mita 5. Ta sama na fesa tururi, narkakken man ya gangaro da nauyinsa zuwa ta ƙasa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsada. Kowace gangar mai da aka haƙo ta wannan hanya a Albata takan ci tururin ganga 2 zuwa 4 na ruwa, kuma da iskar gas ake tafasa shi, abin da ke ƙara hayaƙi mai ɗumama duniya. Rijiya mai zurfi sosai ma ba ta karɓar dabarar, don zafin kan zurare tun a hanya. A filin Amal na ƙasar Oman, an kafa madubai masu tara hasken rana su tafasa ruwan, domin a rage ƙona gas.