Gidajen gwamnati ga 'yan asalin arewacin Ostareliya: wane gini ne ya dace da yanayinsu?

Me ya sa ake kuka da gidajen bulo da gwamnati ke ginawa a ƙauyukan arewa?

Bulon siminti yana shan zafin rana ya riƙe, sannan ya sake shi da dare. A hamada, inda dare ke sanyi, wannan yana da amfani. Amma a yankin birnin Darwin da Arnhem Land da ke gaɓar tekun arewa, inda damina ke kamawa daga Nuwamba zuwa Afrilu kuma iska ke cike da danshi, gari ba ya hucewa sosai ko bayan faɗuwar rana, saboda haka ɗaki mai ƙananan tagogi yakan hana mutum barci. Abin da jiki ke buƙata a nan shi ne inuwa da iskar da za ta ratsa ta busar da gumi.

To, yaya ginin da ya dace yake?

Ana ɗaga shi a kan ginshiƙai domin iska ta bi ta ƙasa kuma ambaliya ta wuce, a tsawaita bakin rufi ya kare bango daga rana da ruwan sama, a sa tagogi suna fuskantar juna, a kuma taƙaita bangon gabas da na yamma da rana ke duka kai tsaye. Gidan da mai zanen gine-gine Glenn Murcutt ya tsara wa iyalin mai zane-zane 'yar asalin yankin Banduk Marika a Yirrkala da ke Arnhem Land, wanda aka kammala a 1994, misali ne sananne: ba shi da gilashi, sassan bangonsa ne ake ɗagawa iska ta shiga.

Guguwa fa?

Dole a yi la'akari da ita. Bayan guguwar Tracy ta rusa mafi yawan gidajen Darwin a Disambar 1974 aka tsaurara dokar gini, kuma a 2015 guguwar Lam ta lalata gidaje a garin Galiwin'ku da ke wani tsibiri a gaɓar Arnhem Land. Gini marar nauyi yana iya tsayawa muddin an ɗaure rufi da bango da tushe da ƙarfe.

Me zai hana a sa na'urar sanyaya ɗaki kawai?

Gidaje da yawa a waɗannan ƙauyuka da katin da aka biya tun farko suke samun lantarki, kuma da kuɗin ya ƙare wuta ke ɗaukewa. Wani bincike da mujallar Nature Energy ta wallafa ya nuna kashi 91 cikin 100 na gidajen da aka duba sun fuskanci yankewar wuta a shekarar 2018 zuwa 2019. A ganina, gidan da ba ya zaunuwa sai da na'ura ya ɗora wa talaka nauyin kuskuren wanda ya zana shi, musamman idan akwai mai ciwon suga da ke ajiye magani a firji.

Ina ruwan al'ada da zanen gida?

Ruwanta babba ne. A al'ummomi da dama miji da uwar matarsa ba sa haɗa ido, kuma a wurin mutanen Yolngu na Arnhem Land akwai kunya mai tsanani tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwarsa, har ba a so ya ga ta shiga bayan gida. Gida mai ƙofa ɗaya da banɗaki ɗaya a ƙarshen lungu yana jefa su cikin takura kullum. Dangi kuma sukan zo makoki su daɗe, girki da hira galibi a waje ake yi, don haka faffaɗar baranda ɗaki ce ta gaske. Cunkoso yana yaɗa ƙazuwa da ciwon maƙogwaron da kan kai yara ga lalacewar zuciya.

Ba mazauna ne ke lalata gidajen ba?

Ƙungiyar Healthabitat mai aikin gyara gidajen 'yan asali domin inganta lafiya, wadda ta duba dubban gidaje, ta gano cewa ɓarna da gangan ba ta kai kashi 10 cikin 100 na lalacewar ba. Sauran rashin gyara ne a kan kari da aikin ha'inci tun wajen gini. A Maris 2024 gwamnatin tarayya da ta Yankin Arewa (Northern Territory) suka yi alkawarin dalar Ostareliya biliyan 4 don gina gidaje har 2,700 cikin shekara 10. A ƙauyen da damina ke yanke wa hanya wata da watanni, famfon da ya lalace zai jira jirgin ruwan da zai kawo masu gyara ko kayan aiki, sai fa idan an horar da 'yan garin su gyara da kansu.