Hawan dabino da sassabe bishiya da igiya: amsoshin da na gaji da maimaitawa

'Yan'uwa masu aikin gona a Madina da Ƙasim na ƙasar Saudiyya, tambayoyinku kullum su ke nan. Wanda ya karanta ya faɗa wa na kusa da shi.

Igiyar ɗaure kaya a mota za ta yi?

A'a. Ta hawa daban take: kaurinta milimita 11 zuwa 13, ba ta cika talewa ba, kuma tana da lambar shaidar inganci EN 1891. Idan babu, kada ka hau.

Larabawa da karr (igiyar gargajiya ta hawan dabino) suke hawa tun kaka da kakanni, me zan yi da ɗamarar zamani?

Karr yana tallafe bayanka ne muddin ƙafafunka na kan kututture. Ƙafa ta zame, ka tafi. Ɗamara cinyoyi da ƙugu take riƙewa, ƙugiyarta kuma mai kulle kanta. Haɗa su biyun, ba abin kunya ba ne.

Dabinon kore shar yake, ai lafiya lau?

Wa ya faɗa maka? Jan ƙwaron dabino ta ciki yake cin kututture, ganye na nan kore. Ka ga ruwa mai ɗoyi yana tsatsowa ko dusa a gindi, ka bar shi, ka sanar da mai gona.

Reshen darbejiya ya haye katangar maigida, yaya zan sauke shi?

To, wannan ba ta da amsa ɗaya. Ya danganta da nauyin reshen, da inda za ka rataya bakara (wato kura, ƙarfen da igiya ke bi ta kansa tana juyawa), da wanda ke riƙe maka a ƙasa. Abin da yara ba sa ganewa shi ne, reshen da aka saki ya faɗo ko da mita ɗaya kafin igiya ta cafke shi, fizgar da zai yi ta ninka nauyinsa sau da yawa. Bakarar da ke sama kuma tana iya ɗaukar kusan ninki biyu, domin igiya na janta ta ɓangarori biyu. Saboda haka, in da hali, rataya ta sama da wurin yanka, a reshe mai rai mai kauri. Na ƙasa ya naɗa igiyar a gindin bishiyar, ya bari ta ɗan zame kafin ya tsayar, kada ya naɗa ta a hannu. Wani lokacin babu reshen kirki a sama. Nan sai haƙuri, a yanka gutsure-gutsure ko da za a wuni. In wayar lantarki na kusa, wannan ba aikinka ba ne. Kuma igiyar da ta sauke itace ba ta ƙara ɗaukar mutum.

Kafili (maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa) ya ce in hau da azahar.

Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3. Kwantar da hankalinka, gaya masa cikin ladabi, ka fito bayan asuba.

Zan iya kunna injin yanka ina rataye da igiya ɗaya?

Haba ɗan'uwa! Maɗauri biyu, kowane da wurinsa, sannan ka ja injin.