VPN Mai Aiki Kullum

VPN hanya ce ta sirri da ke haɗa na'ura da wata hanyar sadarwa ta cikin intanet. VPN mai aiki kullum tsari ne da kamfanoni da ma'aikatu ke sanya wa kwamfutocinsu, ta yadda da zarar kwamfuta ta samu intanet, a gida ko a otal ko a filin jirgi, za ta haɗa kanta da hanyar sadarwar ofis ta wani bututu mai sirri, ba tare da mai ita ya danna komai ba. A VPN ɗin da aka saba da shi, ma'aikaci ne ke kunnawa idan ya ga dama. A wannan kuwa, na'urar ce ke ɗaukar nauyin haɗin.

Dalilin samar da shi

Masu kula da kwamfutoci ne suka fi bukatarsa. Laftof ɗin da ya bar ofis sai an riƙa aika masa da sabunta manhaja, da ƙa'idojin tsaro, da gyaran riga-kafin ƙwayar cutar kwamfuta. Muddin sai ma'aikaci ya kunna VPN ake iya kaiwa gare shi, to akwai kwamfutar da za ta yi watanni ba a ji ɗuriyarta ba, kuma irinta masu kutse ke nema. Kullen korona na 2020, da ya mayar da miliyoyin ma'aikata gida, ya sa wannan matsala ta fito fili.

Tarihi

Microsoft ya fara gwada hakan da DirectAccess, wanda ya zo tare da Windows 7 da Windows Server 2008 R2 a 2009. Ya yi aiki, amma ya dogara da IPv6, wato sabon tsarin adireshin intanet, kafa shi kuma akwai wuya. A zamanin Windows 10 aka kawo magajinsa mai suna Always On VPN, sannan a 2024 kamfanin ya sanar da daina bunƙasa DirectAccess. Apple ya ba da irin wannan dama tun daga iOS 8 a 2014 ga wayoyin da kamfani ke iko da su, Android ma yana da nasa. Akwai kuma manhajojin wasu kamfanoni, kamar GlobalProtect na Palo Alto Networks da Secure Client na Cisco, wanda a da ake kira AnyConnect.

Yadda yake aiki a Windows

Bututu biyu ne. Bututun ma'aikaci yana tashi ne bayan mutum ya sa kalmar sirri ya shiga, kuma ta nan yake kaiwa ga fayiloli da manhajojin ofis. Bututun na'ura, wanda aka ƙara a fitowar Windows 10 mai lamba 1709, yana tashi tun kwamfuta tana kan allon shiga, kafin kowa ya taɓa ta. Yana bukatar Windows nau'in Enterprise ko Education, da ƙa'idar gina bututu mai suna IKEv2, da takardar shaida ta dijital da aka ajiye a cikin na'urar.

Amfanin na biyun ya fi fitowa a irin wannan hali: ma'aikaciya tana wani gari mai nisa, ta manta kalmar sirrinta, ta buga waya ofis aka sauya mata. Laftof ɗinta tsohuwar kalmar kaɗai ya adana. In babu bututun na'ura, ba shi da yadda zai tambayi sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikata, ko sabuwar daidai ce, ita kuma ba za ta kai ga kunna VPN ba tunda ta kasa shiga. Da bututun na'ura, kwamfutar ta riga ta yi magana da sabar, sai kawai ta karɓi sabuwar kalmar. Haka ma sabon ma'aikacin da aka aika wa laftof, wanda bai taɓa shiga cikinsa ba.

IKEv2 yana bi ta ƙofofin sadarwa na UDP 500 da 4500, kuma yana jure sauyin hanya, misali daga wayafai zuwa datar waya. Wasu otal-otal na toshe waɗannan ƙofofi, shi ya sa ake tanadar wa bututun ma'aikaci wata ƙa'idar mai suna SSTP, mai bi ta TCP 443, ƙofar da shafukan intanet ke bi. Ana raba saitin ga kwamfutoci ta manhajojin gudanarwa na Microsoft: Intune ko Configuration Manager ko PowerShell. Idan kwamfuta ta gane tana cikin ofis, ba ta ɗaga bututun ba.

Akwai zaɓi mai muhimmanci: ko dukkan zirga-zirgar intanet ta bi ta ofis, ko a raba, abin da ya shafi ofis kaɗai ya bi bututu. Na farko ya fi ba da damar sa ido, amma yana cika layin kamfani, ya sa taron bidiyo ya riƙa tsinkewa. A 2020 Microsoft ya shawarci kamfanoni su fitar da zirga-zirgar Office 365, wato manhajojin ofis na Microsoft da ke kan intanet, daga bututu.

Rauninsa

Ƙofar da take buɗe kullum tana bukatar tsaro kullum. Idan aka sace laftof, bututun na'ura zai tashi a hannun ɓarawo, don haka ya dace a taƙaita shi ga sabobin da ba makawa sai da su, a kulle rumbun ajiya da BitLocker, a kuma soke takardar shaidar da gaggawa. Harin da aka kai wa kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka a watan Mayun 2021 ya shiga ne ta wani tsohon asusun VPN da kalmar sirri kaɗai ke tsare shi, abin da ke nuna dalilin fifita takardar shaida da tantancewa mai mataki biyu, wato neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri.

Ita kanta takardar shaidar tana da wa'adi, kuma nan ne aka fi tuntuɓe. Kwamfutar da aka ajiye a durowa har wa'adin ya ƙare ba za ta iya haɗawa ba, sabuntawar kuma sau da yawa ta cikin bututun take zuwa. A irin wannan hali dole a ɗauko ta a kawo ofis, ko da ma'aikacin yana wata ƙasa, sai dai in tun farko an tsara raba takardun ta Intune, wanda ke kaiwa ga na'ura ta intanet kai tsaye.